Ni na ja zaren idon Yayana, wata aka daka

Assalamu alaikum Anti, da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ranar wata Talata ce, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Na san lokacin don ni ke rubuta duk sa'ar da na ɗiga wa Yaya Bello magani. Ɗaliba ce ni a makarantar kiwon lafiya, gidanmu yana wajen Bagudo, kusa da iyakar Benin. Bara ruwan batir ya fantsar wa Yaya a ido, na hagu ya mutu, na dama ya yi fari. A birni aka yanke fatar gaban idon na dama, aka dasa masa ta wani mamaci, aka riƙe ta da zare goma sha shida, kowanne bai kai gashi kauri ba. Likita ya ce idon da ya ƙone ba ya son baƙuwar fata, zaren ne kaɗai ke riƙe da ita, in ɗaya ya saki a dawo, kada kowa ya taɓa. Ni ya kalla da ya faɗa.

A ranar Yaya ya ce, "Ƙanwa, duba mani, wani abu na sukata kamar ƙaiƙayi." Na haska tocila na ga zare ɗaya ya miƙe. Hanyar birni ta yi nisa, damina ta cinye ta, ni kuma na karanta cewa zaren da ya saki cire shi ake yi. Me ya kai ni? Na tafasa hantsaki, na wanke hannu sau uku, na ja. Zaren ya tsinke, gefen fatar ya ɗaga, ruwa ya gangaro masa a kunci. Na ce, "Haki ne, na cire." Ya ce, "Allah shi yi maki albarka."

Washegari idon ya kumbura. Inna ta aika aka kira Gwaggo Hajo, wata tsohuwa daga tsallaken iyaka da ke cire hakin ido da harshe. Shekara da shekaru ita ke yi wa mutanenmu a lokacin sussuka. Ina tsaye ta buɗe idon ta lasa. Ban hana ba, don in na hana sai a tambaye ni dalili.

Sai bayan kwana uku muka isa asibiti, idon ya yi mugunya. Likita ya daka tsawa, "Wa ya taɓa zaren nan?" Inna ta ce Hajo. Na sunkuyar da kai.

Ranar kasuwa ɗaya yayan nawa, Yaya Sani, da ƙannen Baba biyu suka sami Hajo a rumfarta ta daddawa. Na bi su a guje. Sani ya finciko ta da ɗankwali yana cewa, "Mayya! Ina harshen da kinka cinye ido da shi?" Ya buga bakinta da turken rumfa har haƙora biyu suka faɗo cikin ƙwarya. Ɗanta Garba ya shigo tsakani, suka rufe shi da gora, na ji ƙarar ƙashin hannunsa kamar an karya kara. Jini ya jiƙe daddawar. Ni fa? Ina tsaye riƙe da littafina na rubuta lokutan magani a ƙirji.

Yanzu Yaya Bello haske kawai yake gani. Kullum sai ya ce, "Da ƙanwata kaɗai ta riƙe idon nan, da ban makance ba." Garba kuwa ya rantse sai ya sare hannun Sani. In na yi magana, Sani da ya yi wa tsohuwa haka, me zai yi mini? In na yi shiru, jinin wa zai sake zuba? Me zan yi?

Jiya na tsallaka iyaka na sami Gwaggo Hajo a kwance, baki a kumbure. Na durƙusa na fara faɗa mata gaskiya, ta ɗaga mini hannu.

"Na sani, ɗiyata. Harshena ya ji zaren a tsinke tun lasar farko. Na dubi fuskarki na yi shiru."

Na ce, "Gwaggo, mi zan yi?"

Ta ce, "Mai ɗori ya ce saura kwana tara a kwance ma Garba hannu. Kwana taran nan naki ne. Ranar da ya iya riƙe adda, ni ba ya jin maganata."