Rajistarku Ba Ta San Gurbin Ram Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Kwamfutocin Makarantu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne malamin kwamfuta a wata sakandare da ke yankin Fassi, ƙaramar hukumar Kibiya. Sau biyu na rubuto ta hannun shugaban makarantarmu ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili. Ba rigima nake nema ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Kwamfutoci goma sha biyu gare mu. Bakwai sun tsaya ɗaya bayan ɗaya saboda ram ɗinsu ya mutu. Ram ɗan siririn allo ne da ake cusawa a gurbinsa a cikin kwamfuta. In babu shi sai dai fankar cikinta ta yi ta juyawa, ba abin da zai fito.

Na ɗaya, fom ɗin da kuka aiko mu cike. Ya tambayi sunan kwamfuta, lambarta, giga nawa ne ram ɗinta, da ko tana aiki. Bai tambayi irin gurbin ba, ko gurbi nawa ne, ko waɗanne kafofi ke bayanta na sa waya. Da biro na rubuta a gefen takarda cewa namu DDR2 ne. Wanda ya shigar da bayanin a na'urarku bai sami inda zai sa wannan ba, sai ya bar shi. Ban ga laifinsa ba.

Na biyu, abin da ya iso. An kawo ram bakwai sababbi fil, giga bibbiyu kamar yadda na nema, amma DDR3. A ido duk ɗaya suke, sai dai kama da wane ba wane ba ce. Kowanne yana da 'yar tsaga a ƙasansa, kuma tsagar wannan ba ta dace da gurbin wancan ba. In ka danna da ƙarfi ka karya gurbin. Majigin da ya zo tare da su ma wayarsa ta zamani ce, kwamfutocinmu kuwa tsohuwar kafa gare su, shuɗiyar nan mai kusoshi biyu. Yana nan a kwalinsa.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. A shagon wani mai gyara a Rano na haɗu da Malam Hamisu, malamin kwamfuta a wata makaranta ta yankin Dawaki. Muna hira sai ga shi matsalarsa irin tawa ce a juye: kwamfutocinsa DDR3 suke so, an kai masa DDR2. Maganina yana durowarsa, nasa yana tawa. Muka so mu yi musaya, shugabanninmu suka ƙi, kuma da gaskiyarsu, domin kowane ram an rubuta lambarsa da sunan makaranta, mai bincike in ya zo sai ya ce an sace. Na je wurin ma'ajinku. Ya buɗe rajista, ya nuna mini giga biyu na nema, giga biyu aka aiko, don haka babu kuskuren da za a gyara. Mutum ne mai kirki, har ruwa ya ba ni. Amma da maƙeri zai yi aiki haka, da ya ba manomi ƙotar gatari ya ce ai ita ma ice ce, ya sa wa fartanya.

Ranka ya daɗe, saura makonni shida 'yan aji shida su rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma a kwamfuta ake yin ta. Yawancinsu 'ya'yan manoma da makiyaya ne, ɗakin nan ne kaɗai inda suke taɓa kwamfuta. Kwamfutoci biyar ɗin da suka rage ba sa zagaye aji ko a darasi uku. Yanzu da alli nake zana madannai a allo, su kuma suna danna benci da yatsa. Wallahi kunya nake ji duk ranar da na yi haka.

Ga roƙona. A ba mu takardar izini, ni da Malam Hamisu, mu musanya kayan cikin makon nan, a gyara lambobin a rajista. A aiko mana wayar da za ta haɗa majigin da tsofaffin kafofinmu. Sannan a ƙara wa fom ɗin wurin rubuta irin gurbi, yawansa, wanda ke cike da wanda ba kowa, da irin kowace kafa. Na tabbata ba mu biyu kaɗai abin ya shafa ba.

Izinin nan layi biyu ne da sa hannunka. In ya zo bayan jarrabawa, kwamfutocin za su tashi, amma yaran sun riga sun zauna gaban abin da ba su iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Malam Sabi'u Garba,
Fassi, Kibiya.