Yaya, Na Ɗaga Robar Tirela Ni Kaɗai

Zuwa ga yayana Usmanu, a duk ramin haƙar zinariyar da wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina sanar da kai Baba da Inna suna nan ƙalau, sai dai bayan Baba da har yanzu bai bar shi ya sunkuya ba. Lambarka ba ta shiga tun kafin damina. Shi ya sa na rubuta a shafina, ko wani da ya san ka zai gani ya karanta maka. Ku kuma masu leƙowa ku yi haƙuri, yau ba labarin soyayya na kawo ba.

Yaya, in ka ga kuskure a rubutun ka wuce shi.

Cikin goɗiyarka Shagara ya tsufa. Baba ya yanke a kai ta wurin Kawu Sale a gefen Damazin, inda akwai ciyawa da mutumin da ya san haihuwar dawaki. An shirya gobe da safe Kawu ya zo da boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya ja tirelar dawakin. Muna shan shayin safe na ji Inna ta tambayi Baba ko za a ɗaga shimfiɗun robar ƙasan tirelar a wanke. Ya ce wa zai ɗaga, shi da wannan bayan ko ita? A share sama, a zuba ƙaiƙayi, halas, shi ke nan. Daga nan suka kama hanyar garin Suki ta'aziyya, suka bar ni da gida.

Na zauna da littafina amma layi ɗaya nake ta maimaitawa. Tun tafiyarka ba a ɗaga robar nan ba. Kai kuwa duk dawowa daga kasuwar dawaki sai ka fitar da su uku ɗin ka wanke ka shanya, ina riƙe maka bokiti. Kullum maganarka ɗaya ce: "Fitsarin doki ba ya zama a saman roba, ƙasa yake sauka ya ci katako." Sai na riƙa ganin Shagara da nauyin cikinta a kan hanyar Damazin, mota na gudu, kwalta na wucewa a ƙarƙashinta, kuma ba wanda ya san abin da take tsaye a kai.

'Ya'yan Malam Bala maƙwabcinmu suna zaune a gindin dogon yaro. Na yafa tob ɗina, na kai har bakin ƙofa in roƙe su su taya ni, na ji suna dariyar wani abu nasu, na juyo. Ka san ni. Ko kanti aka aike ni sai na yi ta bitar abin da zan ce a hanya.

Na ɗauko igiyarka da filayarka daga inda ka rataye su. Na kwantar da ƙofar baya, wadda doki ke takawa ya hau. Roba ta farko ba ta ba ni wahala sosai ba, don hudojin da ka yi mata da ƙarfe mai zafi suna nan. Na zura igiya, na ɗaura a ƙugu, na ja da baya. Da fari ko motsi, kamar an haife ta a wurin. Can sai ta saki da wata ƙara irin ta saniya in ta zaro ƙafa daga lakar bakin bahar, kogin nan namu. Warin da ya taso bai tsaya a hanci ba, ido ya shiga, hawaye suka zubo. Ƙwari farare suka watse. Na ƙwanƙwasa katakon da filaya yadda kake yi. Ya yi baƙi, amma ya amsa da ƙarfi. Har na fara jin daɗin kaina.

Ta tsakiya ce matsalar, inda ƙafafun Shagara na baya ke tsayawa. Hudarta ta yage, babu inda igiya za ta kama. Na damƙe gefenta da filaya, ta suɓuce, na sake, ta suɓuce, har tafin hannuna ya yi ja. Ka sha gaya mini roba ba ta tsayuwa, janta ake yi. Na tuna, wallahi na tuna. Amma na ce ai ba fitar da ita zan yi ba, ɗagawa kawai zan yi in jingina ta da bango in ga ƙasan. Na cusa yatsu, na sa kafaɗa, na shiga ƙarƙashinta ina tura ta sama kaɗan kaɗan. Yaya, ban san haka take da nauyi ba. Da nake ganinka kana janta kana waƙa, na ɗauka kamar tabarma ce mai kauri.

Na kusa tsayar da ita na ƙara taku ɗaya. Ban ji ƙarar karyewa ba. Katakon ya buɗe ne kawai, laushi kamar gurasar kisra da aka jiƙa da miya, ƙafata ta dama ta wuce har gwiwa. Na durƙushe, robar ta dawo ta kife a kaina.

Duhu. Fuskata a manne da jiƙaƙƙen katako, robar a kan ƙeyata da bayana, kamar mutum uku sun zauna a kaina. In na ja numfashi warin ya ƙone mini maƙogwaro, in ban ja ba ƙirjina ya nemi fashewa. Na gwada zaro ƙafar, tsagin katakon ya kama mini ƙwauri kamar haƙora. Na gwada ɗaga baya, robar ta ɗan tashi ta dawo da nauyin da ya fi na da. Rana kuma ta fara dukan ƙarfen tirelar. Su Baba sai bayan la'asar.

A littattafan da kake tsokanata da su, in yarinya ta faɗi, kafin ta kai ƙasa wani ya tare ta, yana ƙamshin turare. Kada ka yi dariya, har a wurin sai da abin ya zo mini a rai. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa kwanciya cikin fitsarin doki tana tunanin ko za a gane gawarta da wuri.

Sai wani abu ya taɓa ƙafata.

Ƙafar tana lilo a ƙarƙashin tirela, inda ba na gani, cikin inuwar nan mai sanyi da ka hana ni zuwa tun ranar da ka kashe kububuwa a wurin. Abin ya taɓa diddigena, ya bari, ya dawo. Na sandare. Na fara karanta duk abin da na haddace, ayoyin suna shiga cikin juna. Ina jin Shagara tana huci a turkenta, ina jin tattabaru, duniya tana ta harkarta kamar ba ni a ciki.

Na buɗe baki in yi ihu, ni da ko a makaranta sai malama ta ce in ɗaga murya. Ba Inna na kira ba, ba Baba ba. Kai na kira. Na ce Yaya, Yaya Usmanu, muryar ta bugi roba ta dawo cikin kunnena. Na ci gaba da kiranka ina sane da nisan da ke tsakaninmu.

Wadda ta amsa Habboba Hajara ce, tsohuwar bayan katangarmu. Ɗan akuyarta ya ɓace ta biyo sawunsa, ta same shi ƙarƙashin tirela yana lasar gishirin zufa a ƙafar mutum. Na ji muryarta daga ƙasa tana cewa, "Ƙafar wa ta wagga, da lalle, babu mai ita?"

Ba ta iya ɗaga robar ba, ita da ko tulu ba ta ɗauka. Ta je ta jawo taɓaryar Inna, ta cusa ta gefe, ta danna da duk jikinta har haske ya shigo. Tana yi tana faɗa, wai in bar kuka in tura da ƙeya, kuka bai taɓa ɗaga komai ba, wai wace irin ɗiya ce maza na zaune a ƙofar gida tana kokawa da roba. Ta koma ƙasa ta murɗa mini diddige ta turo shi sama, fatar ƙwaurina ta tafi da katakon, na fito da rarrafe. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta yagi gefen tsohon tob ɗinta ta ɗaure. Sai da ta gama sannan ta zauna a ƙasa.

Da su Baba suka dawo Inna ta rungume ni tana ta salati. Baba kuwa ya wuce mu. Ya hau tirelar da sandarsa, ya dubi ramin, ya danna katakon da ke kusa da shi, sandar ta nutse. Ya danna na gaba, shi ma haka. Ya sauko ya zauna a bakin ƙofar ya daɗe yana kallon Shagara. Ni ma ita nake kallo, ina auna ƙafarta da ramin. Nauyina kawai ya isa, Yaya. Ni da kake ɗagawa da hannu ɗaya.

Can Baba ya ce zai sa a buga faffaɗan katako a kan wurin, tafiya ba za ta fasa ba, tunda Kawu ya riga ya nemi mai, robar gaba kuwa kullum a bushe take. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ba a ga ƙasan ta gaban ba. Kada a hau da ita." Ban taɓa mayar masa da magana ba. Inna ta kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa, zuciyata na bugawa fiye da lokacin da nake ƙarƙashin robar.

Ya sake duban ramin. Sannan ya ciro wayarsa ya kira Kawu ya ce a ɗaga tafiyar har kafinta ya sauya katakon gaba ɗaya. Ya juyo ya ce tunda bakina ya buɗe, in je da kaina in gaya wa Malam Bala yana roƙon a aro masa samari biyu da safe su fitar da robobin.

Na je, ina ɗingishi. Na yi sallama muryata na karkarwa, na faɗi saƙon a gabansu duka, ban ɗaga kai ba.

Robar tana nan a kife yadda na bar ta, taɓaryar Inna a ƙarƙashinta. Ko kallon wajen na yi sai in ji nauyin a ƙeyata. Shagara kuwa tana turkenta tana cin harawa, ba ta san komai ba, ɗan cikinta yana motsi.

Allah Ya sauke ta lafiya. Allah Ya tsare ka a inda kake shiga, Ya riƙe abin da ke samanka da abin da kake takawa, Ya sa in ka yi kira a samu na kusa da zai ji. Allah Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Ka nemi waya ka kira, ko gaisuwa ce kawai.

Ƙanwarka mai jiranka,
Safiya