Malfata a Kan Kausar

Abdulmajid,

Na wuce Dei-Dei. Motar shanu ta iso, ba zan jira ka taso daga ofis ba.

Yau ce ranar da makarantar su Kausar ta ce kowane yaro ya je da shigar aikin da yake so. Rigar likitan da kuka ɗinka mata ga ta nan kan kujera. Kuna fita ta tuɓe, ta ce ita shanu za ta sayar kamar Kakanta. Ta ɗora malfata a kan hijabi, ta ɗauki sandata. Malfar tana rufe mata ido, sai na ɗaure mata da igiya a haɓa. Ni na kai ta da kaina.

A bakin ƙofa malamarsu ta yi dariya, ta ce, "Baba, ai wannan ba aiki ba ne." Na ce, "Naman da kika ci jiya, lauya ne ya kawo shi Abuja?" Ta ba mu hanya. Sandar kawai ta karɓa, wannan na yarda.

Na san za a turo muku hoto a waya, abokan aikinka su gani. Su gani mana. Kada wanda ya yi wa yarinyar nan faɗa, ka gaya wa uwarta haka. Mai magana ya same ni a kasuwar shanu.

Malfar kuma na bar mata. Shekara talatin tana kaina cikin rana kafin ka samu ofis mai sanyi.

Babanka