Zuwa ga Mama Rifkatu, da ta koya mini zama da sanyin Manchester

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kin tashi lafiya. Ya jiki, ya gwiwar nan taki ta hagu da ke taso miki duk lokacin da gari ya ɗau sanyi? Ni ce Bilkisu 'yar Gusau, wadda ta zauna a ɗakin sama na gidanki a Whalley Range. Na faɗi sunana da garinmu ne saboda yanzu sai an yi miki haka, wata ranar ma ko an yi ba ya isa.

Na san ba za ki iya karanta wannan da kanki ba. Idan na zo ran Asabar zan karanta miki, ko kin gane ni ko ba ki gane ni ba. Na bar wasiƙar a fili don kowa ya karanta ne saboda watan Janairu ya kama, sababbin ɗalibai sun fara sauka daga gida, suna ta tambayata a waya irin rigar da za su saya. Duk amsar da nake ba su taki ce, kuma na gaji da karɓar godiyar da ba tawa ba.

Kin tuna ranar da na sauka? Da yamma ce, ana yayyafi. Na fito daga babbar bas ɗin da ta ɗauko mu daga Landan sanye da atamfa, na ɗora wata jaket da mai shago a kasuwar Gusau ya rantse mini ko cikin ƙanƙara zan iya kwana da ita. Ba ki san ni ba. Wata 'yar cocinku ce da ta san kawuna ta ba ki lambata. Kafin ki dubi fuskata sai da kika dubi ƙafata. Kika zaunar da ni a kan benci a tashar, kika buɗe wata jakar leda, kika fito da safa kika ce in sa biyu, ɗaya kan ɗaya. Kika ce sanyin ƙasar nan ta tafin ƙafa yake shiga mutum, kuma jiƙaƙƙe ne, ba irin na gida ba da rana ke kora da hantsi.

Babana bai so in zauna a gidan Kirista ba, kin sani. Ke kika karɓi wayar, kika gaishe shi da Hausarki ta Zuru, kika tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Kika gaya masa Musulmai da yawa sun zauna a ɗakin kafin ni, kin san inda gabas take, kin kuma san mahaucin da ke sayar da naman halal a Rusholme. Da ya kira washegari, ke ya fara tambaya kafin ni.

Da muka isa gida a ranar da na sauka, yatsuna sun sandare, na ruga famfon ruwan zafi. Kika riƙe mini hannu. Kika ce ba a yi wa sandararren hannu haka, zafin zai ƙona fata mutum bai ji ba. Kika sa tafukana a cikin naki kina murzawa a hankali har jini ya dawo. Na yi kuka, na ce zafin yatsun ne. Kika tashi kika ɗora kunun gyaɗa.

Washegari kika kai ni shagon gwanjo. Ni da na zo karatun digiri na biyu, ina jin kunyar a gan ni a ciki. Kika yi dariya, kika ce Turawan ma nan suke zuwa. Kika zaɓo mini doguwar riga mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi mai kaurin ƙasa. Jaket ɗina ta Gusau kuwa kika ce in ajiye ta don ɗaukar hoto. A hanya kika koya mini cewa riga ɗaya mai kauri ba ta kai sirara uku ba: wata ta manne da jiki, wata a kanta, sannan ta waje, don in an shiga aji ko bas mai ɗumi a rage, in an fito a mayar. Har yau idan na ga ɗaliba tana zufa a cikin ƙatuwar jaket da ba komai a ƙarƙashinta, muryarki nake ji.

Akwai safiyar da na ga rana ta fito tas, na yi murna, na sauko da mayafi kawai. Kina tsaye a kicin kika ce in koma, ranar da sama ta washe ita ce ta fi kowace sanyi. Kika nuna mini yadda ake tafiya a kan titi idan ya yi santsi, taku ƙanana, hannu a waje ba a aljihu ba.

Kin hana ni shanya wanki a ɗaki da taga a rufe, kika nuna mini fumfunar da ta taɓa cin bangon bayan gado. Kin ce ko ana zuba ƙanƙara a buɗe taga kaɗan da safe. Abu ɗaya ne kika faɗa ba fara'a a fuskarki: kada in taɓa kunna murhun girki don in ji ɗumi, kada in taɓa shigo da gawayi ɗaki. Kin yi aikin jinya a asibiti shekara da shekaru, kin ce kin ga waɗanda suka yi haka, ba ki kuma ƙara bayani ba.

Duk wannan mai sauƙi ne, Mama. Abin da ban san ana yi wa shiri ba shi ne duhu.

Ba wanda ya gaya mini a gida cewa za a idar da la'asar ana kiran magariba, mutum ya shiga aji da duhu ya fito da duhu. Wajen tsakiyar Fabrairu na daina fita in ba dole ba, daga baya dolen ma na daina. Ina cikin bargo, labule a sauke, in Inna ta kira daga Gusau in ce mata lafiya lau. Ke ba ki tambaye ni me ke damuna ba. Kina hawowa da gwiwar nan taki, ki ɗage labule, ki ce attaruhu ya ƙare, in je Wilmslow Road in sayo. Sai da na daɗe na lura firjinki cike yake da attaruhu. Kullum da tsakar rana kike aike na, lokacin da akwai ɗan haske.

Ke kika raka ni na yi rajista da GP, wato likitar unguwa, kina faɗa a hanya cewa tun makon farko ake yi, ba sai ciwo ya zo ba. Ke kika sa na gaya wa likitar gaskiya, ta auna jinina, ta ce in riƙa shan bitamin D. Kika ce masu fata irin tamu kusan duk sai sun sha a ƙasar nan. Ranar Juma'a kika tura ni masallaci, kika ce in ban dawo da sunan mutum ɗaya da na gaisa da shi ba, ba tuwo. Na dawo da sunan Maryam, wadda har yau ita ce aminiyata.

Na gama karatu, na samu aiki, na koma Rusholme, wasu suka shiga ɗakina. Ina zuwa gaishe ki ran Lahadi bayan kin dawo coci. Ta nan na fara ganin abin. Tukunya ta ƙone kina zaune kusa da ita. Kin kira ni da sunan wata da ta bar gidan tun kafin in zo. Muka yi ta dariya, muna cewa tsufa ne. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ki, da kika farfaɗo Turanci ya tafi. Turancin da kika yi aiki da shi, kika yi renon 'ya'yanki da shi, ya zube kamar ba ki taɓa ji ba. Hausa ce ta rage, sai yarenku na Zuru da kike waƙar coci da shi.

'Yarki Grace ta ɗauke ki zuwa gidanta a Sparkhill, cikin Birmingham. A ƙasar nan aka haife ta, Mama, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "zo ki ci abinci" ba. Kin taɓa gaya mini cewa a lokacin an tsorata ku, an ce yare biyu yana rikita yaro a makaranta, kuka bari. Yanzu Grace kan kira ni daga Birmingham, ta sa wayar kusa da bakinki, in saurara in fassara mata. Wata rana bayan na gama, ta ce mini uwarta tana yi mata magana tun safe, ita kuma ba ta san ko yabonta take ko ciwo take faɗa ba.

A watan jiya ne kika fita. Grace ta kai yara makaranta da safe, ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe. Wani mai shagon kayan miya ne ya gan ki a wurin tsayawar bas a Stratford Road, da zani da silifas, kina rungume da leda cike da safar jikokinki, leɓunanki sun canza launi. Ya shigar da ke shagonsa ya lulluɓe ki da rigarsa. A asibiti Grace ta kira ni, ta ce kina ta maimaita abu ɗaya. Na saurara. Cewa kike yara sun sauka a tasha, ba wanda ya je tarbar su.

Bayan wannan Grace da ƙanenta suka yanke shawarar kai ki gidan kula da tsofaffi. Ban ga laifinsu ba, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya gani. Grace tana aiki, tana da yara ƙanana, ta rame. Ta ce ba za ta iya ɗaukar ki a mota ta ajiye ki a wani wuri ba tare da an gaya miki ba, ita kuma ba ta da bakin gaya miki. Ta roƙe ni in zo.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ina ta shirya magana, duk wadda na shirya sai in ji ta yi kama da ƙarya. Na same ki a kujera kusa da hitar ɗumama ɗaki, an gyara miki kitso. Ba ki gane ni ba, amma kin ji Hausa, fuskarki ta washe, kika tambaye ni mutanen gida. Na durƙusa a gabanki na gaya miki a hankali: za ki koma wani gida kusa da nan, akwai masu kula da ke dare da rana, akwai lambu, Grace za ta riƙa zuwa kullum. Grace tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon bakina.

Na ɗauka maganar ta wuce ki. Sai kika tambaye ni ko akwai mai jin Hausa a can. Na so in ce akwai. Na ce babu.

Kika gyaɗa kai, kika dubi hannuwanki, kika ce, "To in na ji sanyi, yaya zan gaya musu?"

Grace ta tambaye ni me kika ce. Na fassara mata. Ta fita zuwa kicin, na ji ta kunna famfo, ta daɗe ba ta kashe ba.

Ranar da aka kai ki, na bi ku. Ɗakin yana da tsabta, tagarsa tana kallon wata bishiya da ba ganye. Wadda za ta fi kula da ke wata mata ce mai furfura, haifaffiyar Birmingham, mai sanyin murya. Na ja ta gefe na ce akwai kalmomin da nake so ta riƙe. Na koya mata ruwa, na koya mata ciwo, na koya mata sanyi. Ta yi ta maimaitawa, harshenta yana karkacewa, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta koya. Grace tana bayansu, leɓunanta suna motsi tare da nasu.

Da za mu tafi matar ta sunkuya kusa da ke, ta taɓa kafaɗarki, ta ce, "Sanyi, Mama?" Kika ɗago kika dube ta da mamaki. Kika ce mata a'a, kika yi mata godiya, sannan kika shiga ba ta labari mai tsawo da Hausa. Ta zauna a bakin gadon tana gyaɗa kai. A haka muka bar ku.

Mama, Allah ya sassauta miki. Allah ya sa hannuwan da ke juya ki su zama masu taushi, ya sa kada ki kira a rasa mai amsawa. Abin da ya ɓace miki na sunaye da fuskoki, Allah ya musanya miki da kwanciyar rai. Ya ba Grace haƙuri da ƙarfi, ya raya mata 'ya'yanta. Yaran da ke sauka a wannan watan, na Musulmi da na Kirista, Allah ya haɗa kowannensu da mai tausayinsa, ya mayar da su ga iyayensu lafiya. Amin.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Bilkisu
Rusholme, Manchester