Maɗaurin da Ya Tsinke a Ikeja

Agege, 3 ga Yuli, 1974

Yaya Baballe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ni dai ga ni, ruwan Ikko bai kashe ni ba tukuna.

Ka san shekara shida ina kula da kayan tanis a kulob ɗin nan na Ikeja. Ni na kawo dabarar ɗaura wa raket maɗaurin fata, don gumi na sa ya suɓuce daga hannu. Mutum ya zura hannu, ya murɗa sau biyu, shi ke nan. Ni kuma na ce a ba ka aikin, don na san ɗinkinka.

To, ran Asabar ɗaya ya tsinke. Raket ya tashi ya fasa wa Hajiya Mariamu, matar shugaban kulob, goshi. Ɗinki huɗu. Ogana ya ce zuwa ƙarshen wata in faɗi mai laifi: in baduku ne a daina saye wurinsa, in ni ne in tattara. Wace irin fata ka aiko min, Yaya? Ta mushe?

Ƙaninka,
Shitu

Kano, 12 ga Yuli

Shitu,

Muna lafiya, matata Balkissa na gaishe ka, ta ce ka rage baƙar magana.

Fatar akuya ce, jimar bagaruwa. Kowanne sai da na taka da ƙafa na ja da hannu biyu. Kai kana ja kafin ka miƙa wa mutane? Ina kake ajiye su?

Amma in aikinka ne a kan gaɓa, ka ce ni ne. Ina da masu sayen takalma. Kai me kake da shi a can?

Allah ya rufa asiri.
Yayanka,
Baballe

Agege, 21 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Tambayarka ta ba ni haushi kwana biyu, sannan na buɗe gwangwanin da nake ajiye su a ciki. Yadda Baba ya koya mana na yi: na shafe su da man shanu, na rufe kam don kada su bushe su tsage. Bushewa a Ikko! Duk sun yi fumfuna, zaren ya ruɓe. Na ja guda biyar, uku suka rabu a hannuna kamar dafaffen nama. Ban taɓa ja ba, Yaya. Na ce aikinka ne, ba ya buƙata.

Maganar mushe, ka yafe.

Shitu

Mile 12, 2 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗa wa Oga ni ne. An sallame ni. Yanzu ina sauke albasa a kasuwa, wurin wani Alhaji Sunusi.

Mutanen kulob suna son dozin biyu daga wurinka. Ka rubuta musu: a rataye a iska, ban da mai, a duba ɗinki, a ja da ƙarfi kafin kowane wasa. Daga bakinka za su ji.

Ka gaida Balkissa. Ka ce mata na rage.

Ƙaninka,
Shitu