Baƙin Gwangwanin Ba Turare Ba Ne

Daga Tamanraset, zuwa ga 'yata Hamsatu a Gure.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikana Buraima. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin wanke-wanke yana tafiya.

A cikin turarukan da na aiko miki ta hannun Salmanu direba akwai ƙaramin baƙin gwangwani. Ba turare ba ne, barkonon fesawa ne na kare kai, cikin gaggawa na haɗa shi da kayan. Kada ki fesa a jiki, kada Buraima ya taɓa shi, yana rufe ido da numfashi.

Abokiyar aikina ce ta ba ni bayan wasu samari sun tare ni a hanya. Ba wani abu ba ne, hannun ya warke. Kada ki gaya wa Inna.

An ce kowace ƙasa da dokarta kan riƙe shi, ban san tamu ba. Maigidanki ya je ya tambayi jandarmomi. In doka ta hana, ku bar musu. In ta yarda, kada ki maido mini. Ki sa shi a jakarki duk ranar da za ki kasuwar Gidigir ke kaɗai.

Allah ya tsare min ku.

Mahaifiyarki,
Zaliha