Farantin Kawu Mai Ganyen Inabi

Kawu Ibrahim,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi. Yaya jiki, yaya Inna da yara? Mu nan unguwar Misfala lafiya lau.

Da kunya nake rubutun nan, Kawu. Cikin tsofaffin farantan da ka tara ka bar mini amana, na azurfar Turkawan nan mai zanen ganyen inabi ya yi baƙi. Sai na zauna na dirje shi da toka da yashi. Ashe azurfar a sama kawai take, ganyen duk ya koma jan ƙarfe. Maƙwabcinmu Ammi Salihu ya duba, ya ce, "Ya waladi, ɗana, ai baƙin nan kawunka yake so, shi ke nuna tsufan farantin da darajarsa."

Sauran ban taɓa su ba. Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗanka,
Musa